An ce jininsa ya yi kyau, to awon me kuma likita ke nema?

Wani mai saurarenmu da ke aikin gini a Abijan ya turo mana saƙon murya a makon jiya, kuma daga muryarsa kaɗai za ka gane ransa a ɓace yake. Ƙanensa manomi ne a wani ƙauye cikin jihar Dosso, ya shekara guda ke nan yana shan maganin kansar jini. Da farko cikinsa ya kumbura ta gefen hagu, ya rame, zufar dare ta hana shi barci. Yanzu kuwa ya murmure, bana ma shi ya nome gonarsa da hannunsa. Takardar awon jininsa ta fito lafiya lau. Amma likita a Yamai ya ce kada ya kuskura ya bar magani, kuma ya dawo bayan wata uku a yi masa wani awo na daban, mai tsada. Shi ne wan nasa ke tambayarmu: in jini ya yi kyau, awon me kuma? Ko dai an ga ɗan ci-rani ne ana son a tatse shi?

Mun ga ya dace mu amsa masa a nan, a rubuce, don ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. A gidajenmu da yawa mai jinya yana ƙauye, mai biyan kuɗin magani yana Kwatano ko Legas ko Aljeriya, likita yana Yamai, kuma abin da ke haɗa su ukun bai wuce hoton takarda a WhatsApp ba. Amsar a taƙaice ita ce: awon jinin da aka saba, wanda ake rubuta NFS a takarda, yana iya fitowa tas alhali cutar na nan kwance a jiki da yawan gaske. Awon da likita ke nema shi ne mai iya hango abin da ya rage. Likitoci na kiran wannan abu ragowar cuta, a takardunsu kuma sukan rubuta shi da haruffa uku, MRD.

Daga ɓargo abin ke farawa

Jini ba a zuciya ake yin sa ba, zuciya turawa kawai take yi. A ɓargo ake yin sa, cikin ƙashin ƙugu da ƙashin ƙirji da haƙarƙari da ƙashin baya. Nan ne ake haifar jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta, da wasu ƙanana masu tsayar da jini in an ji rauni. Kansar jini na tasowa ne idan ƙwaya guda a ɓargo ta lalace, ta shiga hayayyafa ba tsayawa, har ƴaƴanta su cike wurin su hana na kirki zama. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba sikila ba ce, kuma ba jifa ba ce.

Iri-iri ce. Akwai mai saurin kai mutum ƙasa cikin makwanni, wadda a takardar likitocinmu za ku ga an rubuta LAL ko LAM. LAL ɗin ita ce ta fi kama yara. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wadda kan yi watanni ko shekaru tana kumbura saifa kafin a farga, ana rubuta ta LMC. Ita ce a jikin ƙanen mai saurarenmu.

To ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. A ranar da aka gano kansar jini mai sauri a jikin babban mutum, likitoci na ƙiyasta ƙwayoyin cutar sun kai kusan miliyar dubu, wato biliyan dubu a bakin ƴan uwanmu na Najeriya. Sai a ba da magani, bayan ƴan makwanni a soka allura a ƙashin ƙugu ko na ƙirji a zuƙo ɗan ɓargo, a shafa shi a gilashi, ma'aikacin labo ya duba ta madubin likita ya ƙirga ƙwayoyi ɗari biyu zuwa ɗari biyar da idonsa. In miyagun ƙwayoyin ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma jini ya dawo daidai, sai a ce cutar ta lafa. Kun ji kalmar ko? Ta lafa aka ce, ba a ce ta ƙare ba. Don ko magani ya kashe 99 cikin 100 na miliyar dubu, abin da ya rage miliyar 10 ne. Mutanen duniya gaba ɗaya ba su kai haka ba. Mutum yana tafiya da wannan a jikinsa, yana cin tuwo, yana raha, ba ya jin komai, madubi kuma ba ya ganin komai.

Likitoci da wuya suka koyi wannan darasi. A 1948, a birnin Bostan na Amurka, wani likita mai suna Sidney Farber ya ba da rahoton yara 16 masu kansar jini da ya gwada wa wani sabon magani. Goma daga cikinsu sun farfaɗo, wasu har suka koma wasa. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, cutar ta dawo. Shi ya sa a yau maganin LAL na yara ke ɗaukar shekara biyu zuwa uku, duk da cewa kusan dukkan yaran kan samu lafawar cutar tun cikin watan farko.

Manomi ya fi kowa gane wannan. Wanda ƙuduji ya taɓa kama gonarsa ya san cire abin da ya fito sama ba ya raba shi da shi. Tsiro guda na zubar da dubun dubatan iri, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa shekara goma ko fiye suna jiran saiwar hatsi. Ka duba gona a rani ka ce tsaf take. Damina ce za ta faɗa maka gaskiya.

Ƙwaya ɗaya cikin tiya uku

Duk hanyoyin awon ragowar cuta amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: cikin ƙwayoyi nawa na kirki za ka iya tsinto muguwa guda? Bari mu auna da hatsi, a kan lissafin cewa ƙwayar hatsi dubu ta kai nauyin giram 8 ko kusa da haka. Idon ma'aikaci da madubi yana iya ganin ɗaya cikin 20, in ya ƙware sosai ɗaya cikin 100. Ɗaya cikin dubu 10 kuwa kamar a ce ka nemo ƙwaya guda da ƙwaro ya huda ne cikin hatsi cike da tafin hannu. Ɗaya cikin dubu 100, ƙwaya guda ce cikin sulusin tiya. Ɗaya cikin miliyan, ƙwaya guda cikin tiya uku. Babu idon ɗan Adam da zai yi wannan aiki, sai na'ura.

Hanya ta farko sunanta sitometiri. Masu bibiyar shirye-shiryenmu na lafiya sun san awon CD4 da ake yi wa masu ɗauke da cutar sida. To na'urar da ke yin sa ƙaramar ƴar uwar wannan ce. Kowace ƙwayar jini tana da alamomi a bayanta, kamar yadda kowane garke ke da shaidarsa a kunne ko a cinya. A labo sai a zuba wa ɓargon wasu sinadarai masu kama waɗannan alamomi, kowanne da launin da yake bayarwa in haske ya taɓa shi. Daga nan a tura ƙwayoyin cikin siririn bututu, su wuce ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, kamar shanu na bin layi ranar allurar rigakafi. Na'ura na rubuta shaidar kowacce, dubun dubata cikin ƴan mintuna. Ƙwayar kansa takan fito da gamin alamomin da ƙwayar kirki ba ta yi, kamar ka ga saniya da shaidar garke biyu. Wannan hanya na kama ɗaya cikin dubu 10, sababbin na'urori ma sun fi haka, kuma sakamako kan fito cikin kwana ɗaya ko biyu. Matsalarta biyu. Tana son ɓargo ɗanye wanda bai daɗe a hanya ba, sannan tana son mai karatu ƙwararre, don bayan magani ɓargo kan haifi sababbin ƙwayoyi na kirki masu kama da miyagun sosai, wanda bai goge ba sai ya ɗauki ɗan gida a matsayin ɓarawo.

Hanya ta biyu ita ce ta shafi manominmu na Dosso, don haka za mu ɗan zauna a kanta. Sunanta PCR, kuma tun zamanin korona babu wanda bai ji waɗannan haruffa ba. A nan Yamai cibiyar bincike ta CERMES ta yi ta yin wannan awo a lokacin. PCR ba ta duba bayan ƙwaya, cikinta take karantawa.

A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka 46, bibbiyu har kashi 23, masu ɗauke da rubutun halittar mutum. Ana ce musu kuromozom. A 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadalfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu LMC suna da wani kuromozom guntu wanda bai kai tsawon da ya kamata ba. A 1973 wata likita a Shikago, Janet Rowley, ta gano abin da ya faru: zare na 9 da zare na 22 ne suka karye suka yi musayar wutsiya. Inda suka haɗu ɗin nan sai aka samu wani sabon rubutu da babu shi a jikin mai lafiya, shi ne BCR-ABL da za ku gani a takarda. Shi ke ba ƙwaya umarnin ta yi ta haihuwa ba hutu. Don haka ne ma aka zaɓi 22 ga watan 9, wato Satumba, ta zama ranar masu wannan cuta a duniya. Kuma bari mu faɗa don hankalin iyalai ya kwanta: wannan karaya a ɓargon mutum take faruwa a cikin rayuwarsa, bai gaje ta ba, ba zai kuma ba ƴaƴansa ita ba.

Tun da rubutun BCR-ABL a jikin ƙwayar cuta kaɗai yake, duk inda aka gan shi an ga cuta. Abin da PCR ke yi shi ne ta kama wannan ɗan rubutu ta yi ta kwafarsa: ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. In aka zagaya sau 30, abin da ya fara da guda ɗaya ya haura miliyar. Na'ura na lura da zagaye na nawa ne rubutun ya yi yawan da za a gan shi. In ya bayyana da wuri, cuta na da yawa. In sai can ƙarshe, kaɗan ta rage. Da haka ake kama ɗaya cikin dubu 100, wani lokaci fiye. Kuma ga mai LMC abin sauƙi ne, jinin hannu ake ɗiba, ba sai an soka ƙashi ba.

Yadda za ku karanta lambar

Sakamakon na zuwa ne da kashi cikin ɗari, bayansa a rubuta IS, wato ma'aunin da labo-labo na duniya suka amince da shi don sakamakon Yamai da na Paris su yi magana ɗaya. Ana ɗaukar matakin cutar kafin magani kamar 100%. Abin da likitoci ke fata shi ne bayan wata uku da fara magani lambar ta sauko 10% ko ƙasa, bayan wata shida 1% ko ƙasa, bayan shekara 0,1% ko ƙasa. Wanda ya kai 0,1% cutarsa ta ragu sau dubu ke nan, kuma in ya riƙe maganinsa da wuya ƙwarai ta rikiɗe ta zama mai sauri. Akwai matakai ƙasa da haka, 0,01% da 0,0032%, waɗanda ake kira lafawa mai zurfi.

To ga inda NFS ke yaudara. Yawancin masu LMC, cikin wata uku da fara magani fararen ƙwayoyinsu kan koma daidai, saifa ta sace. Mutumin da lambarsa ke 20% da wanda tasa ke 0,01% suna iya kawo takardar NFS iri ɗaya, su biyun suna noma, su biyun suna cin abinci. Na farkon maganinsa ba ya aiki yadda ya kamata, ya dace a canja masa tun da sauran lokaci. Na biyun yana kan hanya. Babu abin da zai raba su sai wannan awo na bayan wata uku-uku. Kuma idan lamba ta fara hawa, tana hawa ne watanni kafin jiki ya ji komai. Wannan tazara ita ce abin da kuɗin awon ke saya: lokacin da likita zai tambaya ko ana tsallake ƙwaya, ko ya duba ko cutar ta koyi kauce wa maganin, ya koma ga wani kamar dasatinib ko nilotinib.

Maganin farko na LMC, imatinib, wanda aka fi sani da sunan Glivec, ya fito a 2001. Kafin zuwansa mai wannan cuta kan yi shekara uku zuwa biyar sannan ta rikiɗe ta ɗauke shi. Yau wanda ke shan ƙwayarsa kullum ana kuma auna shi yana iya kai tsufa kamar kowa. Amma kalmar kullum ɗin nan ba ado ba ce. A asibitin Hammersmith na Landan an taɓa ba marasa lafiya 87 kwalaben magani masu murfin da ke rubuta duk lokacin da aka buɗe su, aka buga sakamakon a 2010. Cikin masu shan fiye da 90 cikin 100 na ƙwayoyinsu, kusan 95 cikin 100 sun kai matakin 0,1%. Cikin waɗanda suka gaza haka, 28 cikin 100 kaɗai. Ku lissafa da kanku: tsallake kwana uku a wata ya isa ya jefa mutum cikin kashi na biyu. Ranar kasuwa, ranar biki, ranar da magani ya ƙare motar Yamai ba ta zo ba, ga kwana uku nan.

Shin ba a taɓa barin maganin ba ne har abada? Ana bari, amma ba da ra'ayin mai jinya ko na wansa ba. A Faransa, ƙarƙashin wani likitan birnin Bordo, François-Xavier Mahon, an dakatar da imatinib ga mutum 100 da suka yi aƙalla shekara biyu PCR ba ta ganin komai a jininsu. Kusan 4 cikin 10 sun zauna lafiya ba magani. Sauran 6 cikin 10 rubutun BCR-ABL ya dawo, akasari cikin wata shida na farko. Abin da ya cece su shi ne ana auna su kowane wata, da lamba ta motsa aka mayar da su kan magani, ta sake sauka. Ku lura fa, waɗannan mutane ne da na'ura mafi kaifi ta ce ba ta ga komai ba, amma fiye da rabinsu akwai iri a ƙasa. Kalmar da ke takarda, ba a gani ba, tana nufin ƙarfin idon na'urar ya ƙare a nan. To ina ga wanda ko awon bai yi ba, ya dubi ƙibar jikinsa ya ajiye kwalba?

Hanya ta uku ba za mu daɗe a kanta ba. Na'urori ne masu karanta rubutun miliyoyin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, su nemo mai sa hannun cutar. Su ne masu kama ƙwaya guda cikin tiya uku. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan awo na farko, clonoSEQ, don LAL da wata kansar ɓargo da ake kira miyeloma. Tsadarsa ta sa ko a Turai ba kowane asibiti ke yin sa ba.

Ga yara masu LAL awon ragowar cuta ba labarin ci gaba ko tsayawa kaɗai yake bayarwa ba, shi ke raba wanda za a sassauta wa da wanda za a tsananta wa. A Ingila, cikin wani babban bincike mai suna UKALL 2003 da ya haɗa yara da matasa sama da dubu uku, an auna ɓargonsu a rana ta 29 da fara magani. Waɗanda ragowarsu ta yi ƙasa sosai an rage wa wasunsu zagaye guda na magani mai zafi, cutar ba ta ƙara dawo musu fiye da sauran ba. Waɗanda ragowarsu ta yi yawa an ƙara wa wasunsu ƙarfin magani, dawowar cutar ta ragu. A ƙasarmu da zazzaɓi da gudawa ke iya kashe yaron da magani ya karya wa garkuwa, sanin wanda ba ya buƙatar ƙarin wahala babban abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma barin magani a tsakiya na cikin manyan dalilai.

Mu nan gida

A Yamai akwai sashen cututtukan jini da kansa a babban asibitin ƙasa, akwai kuma cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, wadda a 2021 ta samu na'urar gasa kansa da haske ta farko a Nijar. Wannan ci gaba ne na gaske ga masu kansar mama da ta mahaifa. Sai dai kansar jini ba ƙulli ba ce da ke wuri guda da za a auna mata haske, tana ko'ina jini ya je. Nata ci gaban a labo yake, ɗakin da ba a cika zuwa yanke masa ƙyalle da ƴan jarida ba.

Kuma abin ba shi da nisa kamar yadda ake zato. Na'urar GeneXpert da ake awon tarin fuka da ita, a Yamai da jihohi, PCR ce take yi. Kamfanin da ke ƙera ta yana da wani ƙoƙo na musamman na awon BCR-ABL: a sarrafa jinin, a zuba a ƙoƙon, a sa a na'ura, cikin awa uku ko ƙasa da haka lamba ta fito. A ganinmu nan ne ya kamata hukumomin lafiya da masu taimako su sa ido, don mutumin Damagaram da ke yin kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ko na Maraɗi mai yin sama da 600, kuɗin mota da kwana kaɗai kan hana shi zuwa randebu. Akwai ma wata dabara da gidauniyar Max, mai raba imatinib kyauta a ƙasashe da dama na Afirka, ta yi tare da cibiyar kansa ta Fred Hutchinson da ke Siyatil a Amurka: a ɗiga jini a kan wata takarda, ya bushe, a sa a ambulan a aika, can su yi awon ko da ya yi makwanni a hanya. A maƙwabciyarmu Najeriya asibitin koyarwa na Ile-Ife ne ya daɗe yana riƙe da wannan shiri na maganin kyauta, ƴan uwanmu na Kano da Sakkwato masu LMC sun san hanyar.

Akwai wasu abubuwa na wajenmu da ke ɓata awo, kuma a hannun iyali suke. Babbansu shi ne maganin masu talla. Ƙwayoyin nan na ƙiba da na ciwon gaɓɓai irin su dezametazon da firedinizon suna cikin magungunan da likitoci da kansu ke kashe ƙwayoyin LAL da su. Yaro yana zazzaɓi da ciwon ƙashi, a saya masa a bakin kasuwa, ya ji sauƙi kwana goma, a kai shi asibiti a ɗebi ɓargo a rasa abin da za a gani. Cutar ta ɓuya, ba ta tafi ba, kuma an rasa hotonta na farko. Wannan hoton na farko kuwa shi ne ginshiƙin duk awon da zai biyo baya, don sai an san shaidar ɓarawo kafin a neme shi cikin garke. In an riga an ba yaro irin wannan magani, a faɗa wa likita gaskiya, a nuna masa kwalin. Takardar awon farko kuma a ɗauki hotonta a tura wa mutum biyu, kada ruwan sama ko gara su ci ta.

Zafi ma abokin gaba ne. Abin da PCR ke karantawa yana lalacewa in jini ya daɗe, balle a zafin watan Afrilu. Jinin da ya kwana uku a bayan mota yana iya fitowa da lamba ƙarama ta ƙarya. Don haka in likita ya ce a zo ranar Litinin da safe, saboda ranar ce ake aika jini, kada a ce ai Alhamis ma rana ce. Ku tambaye shi tun farko: a nan za a yi awon ko waje za a aika, kwana nawa sakamako zai yi, kuma da ma'aunin IS zai fito? In da hali a riƙa yi a labo guda, don a iya jera lambobin a ga inda suka dosa. Lamba guda ba ta ba da labari, jerinsu ne ke bayarwa.

Wani abu kuma da ke ruɗa dangi: imatinib kan sa fatar baƙin mutum ta yi haske, ya kuma kumbura fatar ido da safe. A ƙauye sai a ce ai wane ya yi fari ya yi kumatu, ya warke. Aikin maganin ne, ba shaidar warkewa ba. Mace mai shan sa da ke son haihuwa ta fara zama da likita tukuna, don maganin na iya cutar da ɗan tayi, kuma akwai yadda ake tsara abin. Mai azumi ya tambayi likitansa ya mayar masa da ƙwayar lokacin buɗa baki, da abinci da ruwa mai yawa, maimakon ya ajiye ta wata guda.

Mun kira mai saurarenmu na Abijan mun karanta masa wannan kafin mu sa shi a shafi. Ya sake duba hotunan da ke wayarsa, sai ya ga takardun NFS ne har guda biyar, ta BCR-ABL guda ɗaya tak, ta ranar da aka gano cutar. Ya ce kuɗin da ya tanada don rufin kwano na ɗakin tsohuwarsu zai raba biyu, ƙanen zai hau mota bayan an gama yankan hatsi. Mun roƙe shi in lambar ta fito ya turo mana, da izinin mai ita, mu karanta ta tare a shirin lafiya na ranar Laraba.